Allon da ke mutuwa da sanyin safiya: nazarin wata kwamfuta a Birnin Kebbi

Kwamfutar ta wani shagon ɗaukar bidiyo ce a wajen Rafin Atiku, irin shagunan nan da ke ɗaukar biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani, su tace su haɗa, sannan su buga katin gayyata da kalanda a gefe. Ita ce jarin shagon gaba ɗaya. Furosesarta Intel Core i5-12400F ce, ram gigabait 16, fawa-fak (na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta) mai wat 550, sai katin hoto RTX 3060 mai gigabait 12 wanda aka sayo na hannu. Wutar shagon daga inbata take fitowa, mai sola da batura biyu, wutar gari ma ta cikin inbatar take bi idan an kawo.

Matsalar ta tsananta ne a Disamba, daidai lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Da safe a kunna kwamfuta, komai ya tafi daidai, a sa kalmar sirri, hoton fuskar Windows ya bayyana, kafin a buɗe wani aiki sai allo ya ƙifta, ya dawo, ya sake ƙiftawa, sannan ya yi baƙi ƙirin. Fankoki na juyawa, fitilar akwati na ci, monita kuma ta ce babu sigina. Sai a danne maɓallin wuta a kashe ta da ƙarfi. Wani lokaci a karo na gaba ta tsaya, wani lokaci sai rana ta ɗaga kafin ta yarda a yi aiki. Ranar da aka kira ni in duba ta abin ya wuce nan, domin ko tambarin madabod, wato babban allon da duk kayan ciki ke haɗuwa a kai, ba ya fitowa. Mai shagon ya riga ya yanke hukunci. Ya nuna ƙanensa ya ce, "Malam, wanga yaro ne yat taɓa wutar kati, ga shi ya ƙone muna shi ana tsakar aiki."

Abin da ƙanen ya yi, da dalilinsa

Ƙanen ɗalibi ne mai son kwamfuta, shi ke kula da injin, da dare kuma idan an tashi ya buga wasan ƙwallo a kansa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ya ga katin na ɗaukar zafi sosai, fankokinsa na ihu duk lokacin da ake fitar da bidiyo. Ga kuma batun wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 shaguna da yawa suka ajiye janareta suka koma sola, kuma wanda ke kan batir kowane wat lissafa shi yake yi. RTX 3060 idan ya ɗauki cikakken nauyi wat 170 yake ja. Sai ya sauke MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto, ya buɗe jadawalin da ke haɗa boltej da gudu, ya kafe katin a kan gudun MHz (ma'aunin saurin kati) 1,905 da boltej mV (kashi ɗaya cikin dubu na bolt) 825, ya kuma kunna zaɓin da ke sa saitin ya hau da kansa duk lokacin da aka shiga Windows.

Ban ga wauta a tunaninsa ba, na kuma faɗa wa yayansa haka tun kafin in taɓa komai. Wutar da cif, wato ƙwaƙwalwar katin, ke ci tana tafiya ne da boltej ninki biyu, wato boltej sau boltej. Irin wannan kati daga kamfani yakan kai wajen mV 1,050 ko sama kaɗan idan yana aiki. Idan aka sauko da shi zuwa mV 875 a kan gudu ɗaya, lissafi ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar da cif ke ci wajen aiki ya ragu, zafi ma ya ragu tare da shi. A garin da ƙura da zafi ke cinye na'urori, wannan riba ce ta gaske. Kuma ƙarancin boltej ba ya ƙona kati. Abin da yake yi shi ne ya sa cif ya kasa kammala lissafinsa a kan lokaci, ya yi kuskure, ya tsaya cak. Da an kashe an kunna ya dawo lafiyarsa lau.

Sai dai akwai abin da masu yin wannan saiti ba sa yawan lura da shi. A katin NVIDIA ba a rage boltej kai tsaye. Kamfani ya riga ya tsara cewa a kan kowane boltej ga gudun da katin zai iya lafiya. Mai rage wuta yana ɗaukar wani ƙaramin boltej ne ya ɗora masa gudun da aka tanadar wa babban boltej, sannan ya yanke duk abin da ke sama. A zahiri tilasta wa katin gudu ake yi fiye da yadda aka yarje masa a wannan matakin. A nan ƙanen ya ɗaga layin jadawalin gaba ɗaya da sama da MHz 200 kafin ya yanke samansa. Ya ci duk rarar da kamfani ya bari don tsaro.

Tambayar da ta raba matsalar gida biyu

Kafin in buɗe akwati na tambayi yaron shagon, wanda shi ke kunna injin kullum da safe, a ina hoton ke mutuwa. A wurina wannan tambaya ta fi kowace manhajar gwaji amfani, saboda tashin kwamfuta hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da mai riƙe da katin. Lokacin da tambarin madabod ke kan allo, Windows ba ta farka ba tukuna, katin na tafiya ne da umarnin da ke rubuce a cikinsa daga kamfani. Daga nan Windows ta ɗora direban NVIDIA, wato manhajar da take sarrafa katin da ita, shafin kalmar sirri ya fito. Afterburner ba ya tashi sai an shiga. Saboda haka hoton da ya kai shafin kalmar sirri lafiya, ya mutu bayan an shiga, yana nuna wani abu ne da ke tashi tare da mai amfani. Wanda ya mutu tsakanin tambari da shafin kalmar sirri, direba ake fara tuhuma. Wanda kuwa bai nuna ko tambari ba, babu ruwan Windows da Afterburner a ciki ko kaɗan, domin saitin Afterburner ba ya zama a jikin kati. Wuta na ɗaukewa ya tafi.

Yaron ya ce, "Oga, da can sai mun sa fasawod take mutuwa. Tun jiya da munka hidda katin munka hure ƙura, ko komi ba ta nunawa."

Nan take ya bayyana cewa matsala biyu ce aka ɗora wa suna ɗaya. Ta makonnin baya daban, ta jiya daban.

Ƙa'idar nan tana da togaciya guda da ya kamata mai gyara a ƙasar nan ya riƙe. Bayan da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙar katin hoto (wato samar da kuɗin ta hanyar sa kati lissafi) a Satumbar 2022, katunan masu haƙa sun cika kasuwar kayan hannu, musamman RX 570 da RX 580 na AMD. Da yawa daga cikinsu an sake rubuta musu BIOS, wato umarnin kamfani da ke jikin kati, an canza boltej da tsarin ram a ciki. Irin wannan saitin ba ya gogewa da kashe wuta, kuma zai iya hana hoto ko ya sa direba ya ƙi katin. Maganinsa mayar da BIOS na asali, ko juya ɗan makunnin BIOS na biyu idan katin na da shi. Amma katin shagon nan RTX 3060 ne, ƙanen kuma bai taɓa komai ba sai Afterburner.

Matsalar jiya

Wannan ba ta ɗauki lokaci ba. Na leƙa bayan akwati na tarar wayar HDMI a ramin madabod take, ba a na kati ba. Wani ne ya ba su shawara ta waya cewa su gwada can su gani ko katin ne ya mutu. Shawarar na da kyau a injin da furosesarsa ke da nata sashen hoto, amma harafin F da ke ƙarshen 12400F na nufin babu shi. Ramin HDMI na madabod a irin wannan injin ba zai taɓa fitar da hoto ba. Haka Ryzen 5 3600 da 5600 suke, saɓanin 5600G. Sun gwada, ba su ga komai ba, sai suka ƙara tabbata cewa injin ya tafi.

Na mayar da wayar jikin kati, har yanzu shiru. A kan madabod akwai 'yan fitilu huɗu masu nuna inda tashi ya tsaya, kuma ta VGA, wato ta katin hoto, ce ke ci. Da na haska ciki sai na ga gindin katin bai zauna ba. Sun fara ɗaure sukurun baya kafin su danna shi ƙasa, sai ƙarfen ya ja shi ya karkace, ƙugiyar ramin PCIe, inda katin ke shiga madabod, ba ta kama ba. Na zare wuta daga bango, na danna maɓallin kunnawa don ragowar caji ya fita, na cire katin, na mayar har ƙugiyar ta yi ƙas, na tabbatar wayar wutarsa mai fil takwas ta shiga har ƙarshe, sannan na ɗaure sukuru. Tambarin madabod ya fito.

A nan ne mai shagon ya gaya mini cewa wani mai gyara ya riga ya ce masa cif ɗin ne ya ɗaga, a kawo a gasa shi da bulowar zafi. Wannan magana tana ɓata mini rai duk inda na ji ta an yi ta ba tare da gwaji ba. Dalmar da ke ƙarƙashin cif ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217. Kafin a kai can da bulowar hannu, ƙananan kayan da ke kewaye sun sha wuya, allon katin na iya lanƙwasa. Kati mai lafiya ne aka kusa yi wa haka saboda sukuru ɗaya da aka ɗaure kafin lokacinsa. Wani kuma ya ce a goge Windows a sake sabo. Da an yi, baƙin allon safiya zai tafi na ɗan lokaci, tunda Afterburner zai tafi tare da komai, amma bidiyon bukukuwan mutane na cikin injin, kuma ƙanen zai sake sa saitinsa cikin mako guda tunda babu wanda ya gano laifin saitin ne.

Matsalar safiya

Da shafin kalmar sirri ya fito ban shiga ba. Na danne Shift na zaɓi sake tashi daga ɗan maɓallin wuta da ke kusurwar allo, na bi ta zaɓuɓɓukan gyara har zuwa saitin tashi, na danna 4. Wannan ke kai mutum sef-mod, inda Windows ke amfani da nata direban hoto mai sauƙi, ba ta ɗora na NVIDIA, ba ta kuma tayar da manhajojin da ke tashi da kansu. Akwai wata hanyar, ta katse tashin Windows da maɓallin wuta har ta shiga gyaran kanta, amma injin da ya sha kashewar dole makonni a jere ba na son ƙara masa, in dai ga ƙofa a buɗe.

A sef-mod na shiga foldar Afterburner da ke cikin Program Files na manhajojin 32-bit, na canza wa foldar Profiles suna maimakon in goge ta, domin zan buƙaci saitin nan gaba. Na kashe tashin gaggawa na Windows, wanda ke sa kashe kwamfuta ya zama rabin barci, don duk gwajin da za a yi ya zama daga tashi na gaskiya. Direba kuwa ban taɓa shi ba. Ƙanen ya so mu wanke shi da DDU, manhajar goge direba tas, nan take, na ce a'a. DDU kayan aiki ne mai kyau, amma idan aka cire saiti aka kuma canza direba a zama ɗaya, injin ya warke, babu mai iya cewa wanne ne ya warkar da shi.

Daga nan na buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya same ta. Windows na da wani tsari na sa ido a kan katin hoto: idan ta aika masa aiki bai amsa ba cikin daƙiƙa 2, sai ta sake tayar da direban. Ƙiftawar da suke gani ke nan. Duk lokacin da farfaɗowar ta yi nasara tana rubuta lamba 4101, da sunan direban NVIDIA, nvlddmkm. Idan farfaɗowar ta gagara, ko dai shuɗin allo mai lamba 0x116 ya fito, ko allo ya zauna baƙi. A littafin injin nan lambar 4101 ta jeru, biyu uku a tare, bayansu kuma lamba 41 ta Kernel-Power, wadda ke nuna an kashe injin ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne lokutansu. Kusan duka tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe suke, kuma babu ko ɗaya kafin ƙarshen Nuwamba.

Saitin da aka yi tun Afrilu, ya yi wata bakwai yana aiki, me zai sa ya tashi da rigima yanzu? Mai shagon ya ɗauka tsufa ne ko lalacewa. Amsar tana cikin yadda katunan NVIDIA ke sarrafa gudunsu. Jadawalin boltej da gudu ba a kafe yake ba, yana motsi da zafin cif. Kati na ɗumi yana sauke gudunsa mataki-mataki, kowane mataki MHz 15 a wannan jerin katunan, idan ya huce kuma ya mayar. Lambar da mutum ya sa a Afterburner ba ita ake ajiyewa a matsayin iyaka ba, tazarar da ya ƙara a kan layin kamfani ake ajiyewa. Ƙanen ya yi saitinsa da rana tsaka a Afrilu, katin na da zafi. MHz 1,905 da ya gani gudun kati mai zafi ne. Duk tsawon bazara da damina katin bai taɓa yin sanyi sosai ba, saboda ko da safe shagon rufin kwano da ɗuminsa yake kwana. Da hunturu ya kama, asubahin Birnin Kebbi ya sauko ƙasa da digiri 20, sai layin ya haura, boltej kuwa na nan a mV 825.

Duk wanda ya san 'yan kabu-kabu ya san irin wannan. Bakanike ya matse wa babur mai a kafireta don a rage shan fetur, da rana injin na da zafi yana tafiya sumul, amma da asubahin hunturu sai an yi ta burga shi yana mutuwa.

Hasashe ne har sai an gwada, don haka muka gwada. Na mayar da tsohon saitin amma na kashe hawansa da kansa, na sa GPU-Z, manhajar duba halin kati, ya riƙa rubuta zafi da gudu da boltej cikin fayil, yadda ko allo ya mutu rubutun zai tsira. Da yamma, bayan injin ya wuni yana aiki, muka ɗora saitin. Ya tsaya a MHz 1,905, ya fitar da bidiyo, ya jure FurMark, manhajar gwada kati da nauyi, ba ko ƙifta. Ƙanen ya dubi yayansa ya ce, "Yaya, ka gani ko? Ni na san na gwada shi." Gaskiya ya faɗa, ya gwada. Amma FurMark na dafa kati ne nan da nan, yana kuma tura shi ga iyakar wutarsa, duka biyun suna sauke gudu. Gwaji ne da ke nuna ko fanka da fawa-fak za su jure, ba ya nuna ko ƙaramin boltej zai riƙe gudu mafi sama. Da sanyin safiya muka sake. Katin na digiri 22, aka ɗora saitin, aka buɗe burauza da manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro. Allo ya ƙifta ya tafi. Layin ƙarshe a fayil ɗin GPU-Z ya nuna MHz 1,950 a kan mV 825. Mataki uku ne kacal sama da inda aka gwada shi.

Wannan ya kuma bayyana dalilin da ya sa yake mutuwa da ƙaramin aiki ba da babba ba, abin da ya fi rikita su. Ana shiga Windows, manhajoji na tashi, kowace na ɗan taɓa katin. Katin na tsalle daga hutawa zuwa ƙololuwar gudu cikin ƙiftawar ido, yana sanyi, babu nauyin da zai ja shi ƙasa. Ƙari a kan haka, tunda layin gaba ɗaya aka ɗaga, hatta ƙananan matakan da katin ke ratsawa a hanyarsa ta hawa an ɗora musu gudun da ya fi ƙarfinsu. Idan an yi sa'a ya tsallake mintunan farko ya ɗan ɗumi, sai ya wuni lafiya. Shi ya sa kunnawa ta biyu ko ta uku kan yi nasara.

Na nuna wa yaron shagon abu biyu da zai riƙa yi idan allo ya sake yin baƙi, kafin ya kai hannu ga maɓallin wuta. Ya danna Caps Lock ya ga ko fitilarsa na amsawa, domin idan tana amsawa injin na raye, hoto ne kawai ya tafi. Sannan ya haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B, wanda ke sa Windows ta sake tayar da sashen hoto. Na kuma gargaɗi ƙanen a kan shawarar da ke yawo ta ƙara wa Windows daƙiƙun jira a cikin rajista, ma'ajiyar saitin Windows. Wannan ba ya gyara cif da ya tsaya, jinkirta ceto kawai yake yi.

Saitin da muka tsaya a kai

A nan muka ɗan ja da ƙanen. Shi yana son a gyara lambobin a mayar da rage wutar kamar da. Ni kuma ra'ayina injin da ake cin abinci da shi bai kamata ya tashi kullum a kan saitin da ke bakin gaɓa ba. Afterburner na da wani madannin daban mai iyakance yawan wutar da kati zai ja. Idan aka sa shi a kashi 75, RTX 3060 ba zai wuce wajen wat 128 ba. Bambancinsa da abin da ƙanen ya yi shi ne wannan ba ya taɓa layin kamfani. Katin na sauka ne kawai zuwa wani mataki na ƙasa wanda an riga an tabbatar da shi, boltej da gudu tare. Ana rasa ɗan gudu, amma babu yanayin zafi ko sanyi da zai jefa shi inda ba zai iya ba.

Na kuma zauna da su muka yi lissafin ribar da ake fafutuka a kanta. A ce rage wutar na tsimin wat 45 lokacin da katin ke cikakken aiki. A shagon tace bidiyo katin ba ya wuni a haka. Yawancin yini ana yanka ne ana jerawa, CorelDRAW na zanen kati da kalanda kuwa kusan furosesa yake dogaro da ita, fitar da bidiyo ma wani sashe na musamman a cikin katin ke ɗaukar babban rabonsa. Ko an ba shi awa biyu cur na cikakken nauyi a rana, tsimin bai wuce wat-awa 90 ba. Batir ɗaya mai amfiya-awa 200 a kan bolt 12 na ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, wajen rabinsa ake iya sha ba tare da an cutar da shi ba. Fankar sama guda ɗaya da aka manta a kunne awa biyu ta cinye wannan tsimin. Ribar gaske tana wajen rage zafi, kuma iyakance wuta na kawo mafi yawanta.

Mai shagon ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "To Malam, a bar muna wanda ba ya mutuwa." Haka aka yi. Iyakar kashi 75 ce ke hawa da kanta idan an shiga Windows. Ƙanen kuma muka yi masa nasa saitin a gurbi na biyu, MHz 1,800 a kan mV 875, wanda aka tsara da safe katin na sanyi, ta yadda duk motsin da layin zai yi daga baya ƙasa zai yi ba sama ba. An gwada shi da sanyi da zafi, da ƙaramin aiki da babba, har da barin injin ya yi barci a tashe shi. Da hannu yake ɗora shi idan zai yi wasa da dare, injin na sake tashi kuma ya tafi.

Ragowar lambobin 41

Akwai abin da ya rage a Event Viewer wanda bai shiga wannan bayani ba. Wasu lambobin 41 babu 4101 a gabansu, da rana suke faruwa, kuma sun faro tun kafin hunturu. Na tambayi yaron, ya ce e, wani lokaci injin kan mutu gaba ɗaya ya sake tashi da kansa, yawanci daidai lokacin da aka ɗauke wutar gari. Su sun haɗa shi da laifin katin.

Ba na kati ba ne. Inbata na ɗaukar ɗan lokaci kafin ta juya daga wutar gari zuwa batir, fawa-fak kuma a ƙa'ida an gina shi ya riƙe injin wajen milisakan 16 zuwa 17 idan wuta ta yanke, wanda ya tsufa ma ba lallai ya kai haka ba. Yawancin inbatocin da ke haɗa sola da wutar gari na da zaɓi biyu a saitinsu. APL na kayan gida ne, yana karɓar wuta daga bolt 90 zuwa 280, juyawarsa kuma wajen milisakan 20 ce. UPS na kwamfuta ne, yana karɓa daga bolt 170 zuwa 280, yana juyawa cikin wajen milisakan 10. Ta shagon a kan APL take. Firji da fanka ba za su ji wannan tazarar ba, amma kwamfuta mai fitar da bidiyo za ta ji. Kuma da mun cire rage wutar ƙanen muka bar katin ya koma jan wat 170 ba tare da mun duba nan ba, da wannan mutuwar ta ƙaru, tunda fawa-fak mai ɗauke da nauyi ya fi saurin zubar da abin da ya tara. Da sai a ce gyaran ne ya kawo sabuwar cuta.

Mun mayar da inbatar UPS, na kuma gaya wa mai shagon farashin hakan tun kafin ya gano da kansa. Wutar gari ta Najeriya bolt 230 ce a rubuce, amma duk ranar da ta zo da rauni ƙasa da 170 inbatar za ta ƙi ta, ta koma batir, alhali a APL da ta karɓa. Batura za su ƙara aiki, musamman da yamma bayan rana ta faɗi. Idan hakan ya dame shi, zaɓinsa sitabilaiza a gaban inbatar, ko ya mayar da ita APL ya saya wa kwamfutar ƙaramar na'urar UPS mai batir tata ita kaɗai. Ya zaɓi ya fara ganin yadda baturan za su yi.

Ba a sayi ko waya ɗaya ba a duk aikin. Abin da ya rage na kashe kuɗi shi ne man sanyaya cif. Fayil ɗin GPU-Z ya nuna tazara mai faɗi tsakanin zafin katin gaba ɗaya da na wurin da ya fi zafi a jikin cif, fiye da digiri 20 idan yana aiki, alamar man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wannan ne tun farko ya sa fankokin ke ihu a Afrilu har ƙanen ya shiga neman dabara. A hunturu katin zai jure haka. Mun yi da mai shagon cewa da an rage cunkoson bukukuwa, kafin zafin Maris ya shigo, za a buɗe katin a goge tsohon man a sa sabo, a wanke haƙarƙarin ƙarfen da ƙurar hunturu ta toshe, a kuma ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora shi kan tebur nesa da ƙofa.